Zuwa Ga Injiniyan Ɗan Gulbi

Taubashi, ɗan Gwaggo, bawan gidanmu tun kaka da kakanni, ina yini, ina ƙura? Ruwa kam ba zan tambaye ka ba. Ku kaɗai na sani da kuka laƙaba wa gari sunan gulbi alhali ko agwagwa ba ku taɓa gani tana iyo ba. Gulbin Kaban da kuke taƙama da shi, in ban da rairayi ba abin da ke gudu a cikinsa, amma in ka shigo Maradi sai ka riƙa tafiya kana buɗa hannuwa kamar masuncin da ya ɗaure kwalekwale a bakin gaɓa.

Saƙonka ya iso. Murya uku ka aiko, kowace minti huɗu, biyu daga ciki gaisuwa ce da tari. Abin da na tsinta a ta ukun shi ne wai kwamfutar da na ba ka bara ta fara zaɓen waƙa, wata ta buɗe, wata ta ƙi, don haka in faɗa maka manhajar da ta fi kowace iya kiɗa, wadda manya ke aiki da ita a Yamai. Na so in kira ka, sai na tuna rezon garinku sai an hau tudu an ɗaga waya sama kamar mai neman wata. Shi ya sa na rubuto a nan inda duniya za ta gani, in ya so Mushen lakkol ya karanta maka a hankali. Kada ka ce na tona maka asiri. Tun 2014 UNESCO ta sa wasan dangi na Nijar cikin kayan gadon duniya, ke nan zolayarka aikin raya al'ada ne, lada ma nake samu.

Bari masu karatu su san wanda ake magana a kansa. Taubashina yana da rumfa a bakin kasuwa, da farantin sola biyu a kan rufin, da batirin mota a ƙarƙashin tebur, da wayoyi ashirin a jere suna shan caji kamar 'yan awaki a kwami. Da na ba shi tsohuwar kwamfutata sai sana'a ta ƙaru: ana kawo masa katin memwar ya cika shi da waƙa ko wa'azi a ba shi dala ashirin. Tun daga ranar ya daina amsa sunansa na yanka, sai an ce Injiniya.

Ranar kasuwar da na zo muku na zauna a bencinka na ga aikin injiniyanci da idona. Fuskar kwamfutar a cike take da tambari har ba a ganin hoton da ke baya. Manhajar kiɗa biyar na ƙirga, kowace wani ɗan achaba ko ɗan makaranta ya zo da ita a kile ya ce maka ita ce ta zamani, kai kuma ba ka san a'a ba sai wajen biyan bashi. Sai ga wani dattijo daga wajen Kornaka ya miƙo memwar ƙulle a bakin rawani, ya ce a sa masa Narambaɗa. Ka ce an gama, Baba. Ka buɗe wata folda mai suna Sabo, a cikinta akwai Sabo 2, a cikinta akwai Sabo Na Gaske, a cikinta fayil wajen ɗari huɗu, kowanne sunansa AUD da lambobi da WA da wasu lambobin. Ka lumshe ido kamar boka, ka danna ɗaya, ka murɗa sifika har ƙarshe.

Muryar da ta fito ba ta Narambaɗa ba ce. Taka ce, tana roƙon wani mai gero ya ƙara maka haƙuri zuwa kaka, tana rantsuwa da kabarin kakanmu, wanda ni ma ina da haƙƙi a cikinsa ba ka nemi izinina ba. 'Yan kasuwar dabbobi sun ji, masu tuyar ƙosai sun ji. Ka rikice ka danna wani wuri don ka kashe, sai manhaja ta biyu ta buɗe ta kama daga farko, aka koma ana jin ka murya biyu, ɗaya na bin ɗaya kamar 'yan amshi. Dattijon nan ya saurara har ƙarshe, ya gyara rawani, ya ce wannan ma a sa masa.

To wannan ne mutumin da yake tambayata wace manhaja ce ta fi.

Mu fara da wanke kwamfutar daga zargi, don ba ta zaɓen waƙa, kuma ba aljanu gare ta ba kamar yadda ka fara gaya wa mutane. Fayil ɗin sauti iri-iri ne, kamar yadda hatsi yake iri-iri, kowanne da turminsa. MP3 da kowa ya sani Jamusawa ne suka ƙera shi a cibiyar Fraunhofer da ke Erlangen, aka raɗa masa wannan suna a 1995, kuma babu manhajar da ba ta san shi ba. Amma rabin abin da ke cikin kwamfutarka ba MP3 ba ne. Saƙon murya na WhatsApp da wani tsari ake naɗe shi mai suna Opus, wanda sai a 2012 aka kammala shi. Abin da aka ɗauka da tsofaffin ƙananan wayoyi a wurin biki ko wa'azi sau da yawa AMR ne. Wani m4a ne, wani kuma bidiyo ne mai suna 3gp da aka matse har fuskar mawaƙin ta zama kamar dambu. Kwamfutarka Windows 7 ke kanta, ta 2009. Manhajar kiɗan da ta zo da ita ta bar gida shekara uku kafin a haifi Opus, ta ina za ta san ƙanen da ba ta taɓa gani ba? Ba ƙiwuya take ba, ba a gabatar da su ba ne.

Maganin wannan guda ɗaya ne, kuma kyauta ne, kalmar da na san ita ce ta fi maka daɗi a duk harshen Hausa. Ka nemi VLC, mai tambarin mazubin nan ruwan lemo da fari, irin wanda ake jerawa a hanya in ana gyaran kwalta. Kai ka ce mini hular bori ce. Ɗaliban wata makarantar injiniyoyi ta Faransa, École Centrale ta Paris, su suka fara ta a 1996, a 2001 aka sake ta ga duniya kowa ya ɗauka ba ko dala, har yau kuma wata ƙungiya da ba ta neman riba mai suna VideoLAN ke kula da ita. Tambarin ma daga ɓarnar ɗaliban ya samo asali, don tara irin waɗannan mazuban na hanya suke yi. Ka ga bambancin ɗaliban mutane da kai: su sun kwashi kayan hanya sun bar wa duniya manhaja, kai ka kwashi goruba a gonar Kawu ka bar mana rigima. Abin da ya sa VLC ta fi ƙarfin matsalarka shi ne tana tafe da turamenta a ciki, ba ta aro a maƙwabta. Opus, AMR, m4a, 3gp, duk abin da ka jefa mata za ta daka. Tana kuma iya cire sauti daga bidiyo ta mai da shi MP3, wanda shi ne abin da masu ƙananan rediyon nan mai cin memwar suke buƙata.

Sai dai ina jin tsoron haɗa ka da ita saboda abu ɗaya. VLC tana barin mutum ya ɗaga murya ta wuce ɗari bisa ɗari. An yi wannan don fim ɗin da aka ɗauka da murya ƙasa-ƙasa, ba don Injiniyan Ɗan Gulbi ya sanar da mutanen Dakwaro cewa ya buɗe rumfa ba. In sauti ya riga ya cika ma'auninsa ka ƙara tura shi, ba ƙaruwa yake ba, kansa ake askewa, ya koma ƙara mai kaushi, ita ce kuma take cinye sifika. Waccan sifikar taka da take magana kamar an toshe wa rago hanci, ba ƙura ce ta kashe ta ba, hannunka ne.

Na san inda zuciyarka take, don na ga wadda kake buɗewa in 'yan mata sun zo karɓar waya. Winamp. Ba na ganin laifinka sosai, mu ma da ita muka buɗe ido a gidajen intanet na Maradi, lokacin da ake biyan kuɗin awa guda a ƙare rabinta ana jiran shafi ya buɗe. Wani saurayi Ba'amurke, Justin Frankel, shi da abokin aikinsa suka fito da ita a 1997, yana ɗan shekara goma sha takwas, shekarun da kai kake koyon ɗaure jaki. Kamfanin AOL ya saye su a 1999, a ƙarshen 2013 ya ce zai rufe ta, a farkon 2014 wani kamfanin Beljiyam ya karɓa. Dabbar da suke taƙama da ita lama ce, wani raƙumin Kudancin Amurka da aka hana tozo. Akwai ma wani lissafi nasu da na tabbata kai ka koya musu: sun yi Winamp 2, suka yi 3 mutane suka ƙi ta, sai suka haɗa biyu da uku suka ce sabuwar sunanta 5, babu 4. Haka kake yi mini in muna lissafin bashi, sai dai kai ragewa kake.

Winamp tana kiɗa lafiya, ba ta da nauyi, ba zan yi mata sharri ba. Abin da ya ja ka gare ta ne matsalar. Riguna take canzawa, kai kuma ka sa mata wata mai kama da gaban mota, da maɓallai ƙanana har kai kanka ba ka san na tsayawa ba, shi ya sa muryarka ta kai ƙarshe ranar nan. Sannan ga walƙiyar launukan nan da ke rawa da kiɗa, MilkDrop, da kake cika fuskar kwamfuta da ita yara su taru suna kallo. Kowane juyi na wannan walƙiya wuta yake ci. Mu a birni in an ɗauke kuran mu yi tsaki mu jira. Kai batirin mota ɗaya gare ka, shi ke cajin wayoyin mutane, shi ke riƙe da kwamfuta, ga hazo yana rufe sola wata uku. Ran da mutumin Sabon Mashi ya zo karɓar wayarsa da la'asar ya tarar da sanda ɗaya, ka gaya masa launuka ne suka sha.

Sandunan gyaran murya kuma, guda goman nan da kowanne ke riƙe da wani sashe na sauti daga kauri zuwa siriri, na ga duk ka tura su sama, wai don kada wani ya ji an fifita wani. Adalci ne, amma ba a nan ake yin sa ba. In duk suka hau daidai, ba ka gyara komai ba, ƙara kawai ka yi. Kalangun Shata da kotson Narambaɗa ba su da wannan rugugin da samarin yanzu ke so, in ka cika musu kauri sai muryar ta nutse, alhali wanda ya ce a sa masa Shata magana ya zo ji. Ka mai da su tsakiya ka ƙyale su.

Yanzu ga abin da zan faɗa maka tsakani da Allah, ka kasa kunne don ba kullum nake yi ba. VLC gwanar buɗewa ce, amma ba gwanar ajiya ba ce. Mai rumfa irinka, da waƙa dubbai, yana buƙatar ta biyu wadda za ta riƙe masa kundi, ya rubuta suna ta fito masa da shi kafin mai memwar ya gama kwance bakin rawani. A nan biyu nake gani. Akwai AIMP ta wani Barashe, Artem Izmaylov, tun 2006, mai kama da Winamp a fuska, mara nauyi, wadda za ka saba da ita a yini ɗaya. Akwai kuma foobar2000 ta wani mutumin Folan, Peter Pawlowski, wanda ya taɓa yi wa masu Winamp aiki kafin ya fito da tasa a 2002. Wannan ba ta da kwalliya ko ta anini, fara fat kamar ƙwaryar da ba a yi wa zane ba, na san in ka buɗe ta za ka ce ba a gama ta ba. Ni ita nake aiki da ita. Tana gyara sunayen waƙa ɗari a bugu ɗaya, tana kuma da wani abu da ake kira ReplayGain, wanda ke auna ƙarfin kowace waƙa ya daidaita su. Ka san yadda Ɗan Anace da aka kwafo daga kaset yake fitowa can ƙasa kamar daga rijiya, ka ƙara murya, sai Hamisu Breaker ya biyo baya ya tashi jaririn maƙwabta? Wannan yake magancewa. Amma na san ka, AIMP za ka ɗauka saboda tana da launi. Ɗauki, ba komai. Sauran ka cire su, kuma in ɗan achaba ya sake kawo maka wata a kile ka ce Yaya ya hana. Ta irin wannan hanyar ce cutar nan ke shigowa, mai mai da foldar mutane gajerun hanyoyi marasa komai, ka bi ka shafa wa memwar rabin gari. In za a ɗauko manhaja, a ɗauko ta daga shafin masu ita.

Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne wanda ba manhajar da za ta yi maka: suna. Kowane MP3 yana da ɗan katin shaida a jikinsa, inda ake rubuta mawaƙi da sunan waƙa da shekara. Da shi manhaja take nema. Naka katunan, wanda ba fanko ba an rubuta Track 01, wani kuma lambar wayar wani mai tura waƙa ce a Kano. Na ga fayil guda da ka rubuta wa Mai Daɗi, wani Mai Daɗi Sosai, wani Na Alhaji. Wane Alhajin? Shata kaɗai Alhazan da ya yi wa waƙa sun fi mutanen garinku yawa. Dole ka zauna, dare goma ko ashirin, ka saurari kowace ka rubuta mata sunanta. Ka kuma lura, tsohon samfurin katin harafi talatin kawai yake ɗauka, bai kuma san haruffanmu masu lanƙwasa ba, sai ya mai da su alamar tambaya. A wata manhajar taka na ga an rubuta ?an?wairo, na daɗe ina kallo kafin na gane Ɗanƙwairo ne. Garinku ma ?an Gulbi zai koma, wanda ni a ganina ya fi dacewa, tunda kowa tambayar da yake yi ke nan. Sabon samfurin katin yana ɗaukar ɗ da ƙ da ɓ lafiya lau, foobar2000 da AIMP duk suna rubuta shi.

Ka raba wa'azi da karatu folda daban, waƙa folda daban, saƙonnin bashi kuma ka fitar da su daga kwamfutar gaba ɗaya. Maɓallin gaurayan nan mai kibiyoyi biyu a harɗe ba ya sanin Liman na zaune a benci. An gaya mini abin da ya biyo bayan tafsiri ranar Juma'ar nan, ba zan maimaita ba saboda Gwaggo.

Wani abu kuma, ka daina yi wa mutane alkawarin za ka ƙara wa waƙa kyau. MP3 na yau da kullum, mai lamba 128, minti ɗaya yana cin kusan mega ɗaya, ke nan memwar mai giga biyu za ta ɗauki sama da awa talatin. Kai sai ka ɗauki waƙar da ta bi ta kaset, ta bi ta waya biyar, ka juya ta zuwa 320 wai ta zama orijinal. Kunun da aka riga aka tsinka ko ka juye shi a babbar ƙwarya ba ya komawa kauri, wuri kawai ya ci, mai dala ashirin ya tafi da ƙasa da rabin abin da ya kamata ya samu.

Kada ka ga ina yi maka dariya ka ɗauka sana'ar ce na raina. Mdou Moctar, mai gitar nan na jihar Tawa da yanzu yake zaga Turai da Amurka, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, kuma ba kanti ne ya yaɗa shi ba, daga waya zuwa waya ya bi, daga memwar zuwa memwar. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci waƙarsa a wayoyin mutane a Kidal ta Mali, ya sa ta a wani faifai da ya fitar a 2011, sai da ya sha wahalar neman masu waƙoƙin don a biya su haƙƙinsu, saboda fayilolin irin naka ne, yawanci ba cikakken suna. Da ta rumfarka waƙar ta biyo, da yanzu Turawa na can suna neman wani mawaƙi mai suna Mai Daɗi Sosai.

Watan cika-ciki ya kusa, na san za ka zo karɓar kuɗin shara kamar yadda bawa yake zuwa gidan ubangijinsa. Bana ka zo da kwamfutar a cikin buhu, ka naɗe ta da zane saboda ƙura, ka haɗo da cuku da goruba. Kuɗin wannan shawara jika biyu ne, sharar taka jika ɗaya, ka ga saura jika ɗaya a kanka, ka haɗa da na mai gero. Saƙon muryar nan naka na mai gero kuwa kada ka wahalar da kanka wajen gogewa. Dattijon Kornaka ya tura wa jikansa, jikan ya tura wa wani direba, ya iso ni a tashar Maradi ranar Talata. Na sa shi a foobar2000, na cika masa katin shaida yadda ya kamata, mawaƙi Injiniya, sunan waƙa Haƙuri Zuwa Kaka, da Ɗ ɗin Ɗan Gulbi mai lanƙwasa. Harafi biyu nake bugawa ya fito.

Ka gaida Gwaggo, ka ce mata ɗan ɗan'uwanta yana nan yana ta fama da tarbiyyarka.